Injin Wanki a Wudil: Ba Duk Wanda Ya Tsaya Ne Ya Mutu Ba

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Tun da hantsi titin da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri ya cushe, daga bakin gada har zuwa Kara inda ake cinikin dabbobi, manyan motocin shanu na gogayya da 'yan acaɓa da masu tura kura. A cikin cinkoson sai ga wata Adaidaita Sahu ta ɗauko wani farin abu an ɗaure shi da igiya, maigida na zaune a gefe ya dafe shi da hannu ɗaya kada ya zame. Injin wanki ne za a kai asibiti.

Asibitin nasa ba wani wuri ba ne illa shagon mai gyaran firji ko fanka, domin gyaran injin wanki bai zama sana'a mai zaman kanta a garuruwa irin namu ba tukuna. A ƙofar shagon akwai wasu 'yan uwansa a jere, rana ta gasa robarsu har ta koma rawaya, wani babu murfi, wani an zare masa hanji.

Mai gyara zai tambaya me ya same shi. Maigida zai ce ya daina aiki. Iyakar bayanin ke nan. Kafin a kwance noti ɗaya an yanke hukunci: koyil ya ƙone.

Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Injin da aka yi wa jana'iza, aka sayar wa 'yan gwangwan don su ciri wayar da ke cikinsa, kan zama abin da ke damunsa bai wuce bel da ya saki ba, ko tsakuwa ɗaya da ta maƙale a bakin magudana.

Daga kayan alatu zuwa kayan ɗaki

Wudil ta sauya a 'yan shekarun nan. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda tun 2022 take ɗauke da sunan Aliko Dangote, da Makarantar Horar da 'Yan Sanda, sun tara malamai da ma'aikata da ɗalibai, mutanen da ke da albashi amma ba su da lokacin durƙusawa gaban baho. Daga gidajensu abin ya tsallaka cikin gari. Yau a jeren amarya 'yar masu hali, bayan gado da kujeru da firji, za ka ga injin wanki a kusurwa ko ledarsa ba a cire ba.

Wanda ya fi yawa shi ne mai baki biyu, wanda ake zuba kaya ta sama: baki ɗaya na wanki, ɗaya na matsewa. Sunayen da ake gani a jikinsu sanannu ne, LG da Hisense da Haier Thermocool da Scanfrost da Nexus, sai kuma na hannu da ake kira Beljiyom, waɗanda ke shigowa ta Legas. Salon wanki da faifai mai juyawa a ƙasan baho daga Japan ya bazu. Dalilin karɓuwarsa a nan a fili yake: ba ya buƙatar famfo. Jarka biyu ko uku daga wajen 'yan garuwa sun cika shi.

Da can in inji ya tsaya, mai hali kan ture shi gefe ya sayi wani. Wannan zamani ya wuce. A farkon 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma duk abin da ke cikin injin nan daga waje yake zuwa. Gyara ya zama dole. Tambayar ita ce wane irin gyara.

Abin da ke cikin cikinsa

In aka buɗe marfin baya, za a ga abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Moto biyu ne. Na wanki yana jan bel, bel ya juya fuli, fuli ya juya wata ƙaramar giya da ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, ita kuma ta juya faifan da ke kaɗa ruwa. Na matsewa yana zaune a kan ƙafafu masu sifirin, sandarsa ta haura kai tsaye ta riƙe kwandon matsewa, kuma yana da birki da ke kamawa da zarar an ɗaga murfi.

Sai kafasita, wata 'yar gwangwani mai wayoyi, galibi guda ɗaya mai hidimar moto biyun. Sai taima biyu a sama, ta wanki mai minti 15, ta matsewa mai minti 5. Sai robar da ke toshe magudanar ruwa, wadda ake ɗagawa da wata igiya in an murɗa makunnin zubarwa. Shi ke nan. Kowanne daga cikinsu in ya gaza yana da irin kukansa.

Kunne kafin sukundireba

Gwanin mai gyara ba ya fara da kwancewa. Saurare yake fara yi, kuma uwargida ma za ta iya.

In an murɗa taima an ji shiru ɗif, babu ko gurnani, to wuta ce ba ta isa ba. A jona wani abu a soket ɗin a gani. A duba fulogi da fis. A leƙa ƙasan injin, domin ɓera na son wurin, akwai ɗumi da laima, kuma yana gutsure waya. In duk waɗannan lafiya, sai a koma kan taima, wadda bakin ƙarfen da ke cikinta kan ci wuta ya daina haɗuwa.

In kuwa yana gurnani amma faifai ya ƙi motsi, nan ne aka fi zaluntar inji da sunan koyil. A zare fulogi tukuna, sannan a sa hannu a juya faifan. In ya yi tauri, wani abu ne ya shige ƙarƙashinsa: fil ɗin ɗankwali, maɓalli, zaren tazuge, ƙusa daga aljihun yaro. Noti ɗaya ne a tsakiyar faifan, in an kwance shi za a ga ɓarawon. In babu komai kuma har yanzu da tauri, giyar ce ta sha ruwa ta yi tsatsa, ko boris ɗin moto ya kafe.

In faifan na juyawa sumul da hannu, zargi ya koma kan kafasita. Irin wannan moto ba ya iya tashi daga tsaye shi kaɗai, kamar motar da batirinta ya mutu ce, sai an tura. Kafasita ce ke ba shi wannan turi, ta kuma riƙe masa ƙarfi yana cikin gudu. Masu gyara kan gwada ta hanyar ɗan tunkuɗa fuli da sanda: in moto ya kama gudu bayan turin, an gano mai laifi. Wata kan kumbura ko ta tsiyayo da mai, wata kuwa ba ta nuna komai sai an ɗora mata mita. Kuma in za a sauya, lambar da ke jikinta, misali 10 da 5, ita za a bi. Sanya wadda ta fi girma da sunan ƙara wa inji ƙarfi hanya ce ta dafa moto a hankali.

Akwai kuma inda za a ji moto na gudu lafiya lau amma ruwa ko motsi. Bel ne ya tsinke ko ya sauka. Ko kuma haƙoran da ke cikin ramin faifan sun suɗe, sanda na juyawa ita kaɗai. Injin da ke juyawa in babu kaya, ya sare da zarar an loda shi, ɗaya daga cikin ukun nan ne: bel ya saki, kafasita ta raunana, ko haƙoran faifai sun fara tafiya. Wanda ke juyawa ɓangare ɗaya kawai ba ya dawowa, a fara da taima.

Wanda kuma ke aiki na ɗan lokaci ya tsaya, bayan ya huce ya tashi, ba aljanu ba ne. Moto da yawa na da ɗan abin kariya da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa. Gargaɗi yake yi.

Koyil ɗin da ya ƙone da gaske ba ya ɓuya. Yana warin ƙonanniyar roba, wayarsa ta yi baƙi, kuma mita na tabbatarwa cikin minti biyu. Duk mai gyaran da ya ce koyil ya ƙone bai ɗora mita ba, duba yake yi, ba gyara ba.

Bakin matsewa, inda ruwa ke cin amana

A ganina wannan ɓangare ne ya fi kashe injina, kuma sakaci ne ke jawo shi. Kwandon matsewa na juyi sama da dubu a minti guda, moton kuma yana ƙarƙashinsa daidai. Abin da ya raba moton da ruwa wata roba ce kawai da ta zagaye sandar. Ranar da ta tsage, ruwa zai riƙa ɗiga kan moto, ɗigo ɗigo, wata da watanni. Ana ganin 'yar laima a ƙasa, a ce ai wurin wanki ne. Ranar da moton ya mutu sai a naɗa sabuwar waya, a mayar, ba a taɓa robar ba. Bayan 'yan watanni a sake komawa shago, a ce mai naɗin ne bai iya ba.

In bakin matsewa na gurnani bai tashi ba, kafin a zargi moto a duba birki, domin igiyar da ke sakinsa in an rufe murfi kan tsinke. A kuma haska tocila tsakanin kwando da bango, sau da yawa safar yaro ce ta faɗa ta nannaɗe sanda. In yana dukan bango yana tafiya a tsakar gida, ko dai an jibga kaya gefe ɗaya, ko an yar da faifan robar da ake danne kaya da shi, ko ƙafa ɗaya ta sifirin ta karye, ko kuma daɓen ne ba daidai ba.

Garin yashi

Wudil gari ne na bakin kogi, yashinta ma har birni ake kai shi gini. Yana cikin aljihun 'yan makaranta, yana gindin jarkar ruwa, ga ƙurar hunturu da ke shigewa kowane zare. Duk wannan a bahon inji yake sauka, ya taru a bakin robar magudana. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta hana robar zama, sai a ga ana zuba ruwa yana zurarewa. Gyaransa buɗe murfin wurin ne a wanke.

In ruwan ne ya ƙi fita, a tuna yawancin injinan nan ba su da famfon tura ruwa, gangara kawai yake bi. Tiyo in an rataye shi sama, ko ya lanƙwashe, ko ya cika da dattin zare, ruwa zai zauna.

Wannan matsala ba mu muka fara ta ba. A shekarun 1990 kamfanin Haier ya sha ƙorafi daga manoman lardin Sichuan na ƙasar Sin cewa injinansa na toshewa. Da aka bincika sai aka tarar dankali suke wankewa a ciki. Kamfanin bai tsaya ga ɗora musu laifi ba, ya ƙera wani samfuri mai faffaɗar magudana. Mu har yanzu muna jiran wanda zai ƙera mana na yashi.

Wutar da ke zuwa a guje

An ƙera injinan ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Duk wanda ke kan layin kamfanin wuta na KEDCO ya san akwai daren da ake kawo wutar da ko fanka da ƙyar take juyawa. Moto in ya samu irin wannan wuta ba hutawa yake yi ba, ƙara zuƙa yake yana zafi. Don haka kafin a ce inji ya yi rauni, a dubi ƙwan ɗaki.

Amma babbar ɓarnar ba daga raunin wutar take ba, daga ƙarancinta take. A Afrilun 2024 aka ɗaga wa masu amfani da wuta na rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, farashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Wanda ba ya cikinsu bai san yaushe za a kawo ba, bai san yaushe za a ɗauke ba. Da an ji yara sun yi ihun an kawo wuta, uwargida za ta kwaso wankin mako guda, ta danna a injin da aka rubuta wa kilo bakwai, har da bargo da labule, ta yi zubi bayan zubi ba hutu. Wa zai ga laifinta? Sai dai bel da kafasita da haƙoran faifai su ne ke biyan bashin.

Janareta ma ba mafita ba ce sosai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya taɓa haura 1,000, kuma ƙaramin janaretan nan na shago ba ya jure fizgar da moto ke yi lokacin tashi, ga shi moton wanki tashi yake yana tsayawa kowane 'yan daƙiƙu.

Akwai alama ɗaya da ba a jinkiri da ita. In inji ya fara jan mutum, ko da kaɗan ne a cikin ruwa, a zare shi nan take. Gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, wasu ma karya ƙafa ta uku ta fulogi suke yi don ya shiga soket. Mace ce tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti, hannunta cikin ruwa, wataƙila da goyo. Kuma ko an zare fulogi, kafasita kan riƙe wuta a cikinta, don haka ba wurin sa hannun yara ba ne.

Mai ƙwaƙwalwa

Mai baki ɗaya da ke yin komai da kansa ya fara yawa a gidajen da ke da tanki a sama. Shi yana faɗin ciwonsa a rubuce. A na LG, IE na nufin ruwa bai shiga ba, OE bai fita ba, UE kaya sun karkata, dE murfi bai rufu ba. IE a Wudil galibi ba ciwon inji ba ne: tanki ne bai yi tsayin da zai ba ruwa ƙarfi ba, ko 'yar rariyar bakin tiyo ta cika da yashi. UE da ya ƙi tafiya ko an gyara zaman kaya na nuna sandunan nan huɗu da baho ke rataye a kansu sun gaji. Fanel, wato ƙwaƙwalwar injin, shi ne abu mafi tsada, shi ya kamata a zarga a ƙarshe, amma shi ake fara ambata.

Kowa da tasa hujjar

Masu gida na kukan cewa ana yi musu canje-canje: a sauya wannan, bai yi ba, a sauya wancan, kowanne da kuɗinsa. Wasu na zargin ana cire musu moto mai jar waya a sa mai farar waya, wadda ba ta kai ta jure zafi ba.

Masu gyara kuma na da nasu, kuma yana da nauyi. A nan ba a biyan kuɗin bincike. Mutum zai ɓata awa guda ya gano tsakuwa ce, ya cire, maigida ya ce ai ba ka sa komai ba, ya miƙa masa na shan ruwa. Wanda kuwa ya ce koyil ne, ya naɗa waya, shi ake ƙirga wa kuɗi ba gardama. Mu da kanmu muka koya musu cewa gaskiya ba ta da riba. Ga kuma nisa: kayan gyara sai an je Sabon Gari a Kano, kusan kilomita 40, don haka mai gyara kan gwammace ya sayo abu uku lokaci guda da ya yi sawu uku.

'Yan kasuwa na cewa sabon inji na da garanti, amma takardar na ɓacewa tun ranar jere, kuma wurin gyaran kamfani a birni yake. Na Beljiyom kuwa gwajin da aka yi a gabanka shi ne garantinka.

Masu wanki da guga sun kasu biyu. Wasu sun rungumi inji, suna sa na gida aikin kasuwa daga safe zuwa dare, suna kashe shi cikin 'yan watanni. Wasu kuwa ko kusa ba sa bari shadda mai tsada ta shiga cikinsa, wai yana kashe mata ƙyalli, kuma masu sa babbar riga na bayansu.

Saƙon da ke ɓacewa a zaure

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Wadda ta san injin ba ita ke kai shi gyara ba. Uwargida ce ta ji ranar da kukansa ya sauya, ita ta ga laimar da ke ƙasa, ita ta san da bargo a ciki ya tsaya, ita ta ji warin. Amma mai gyara ba ya shiga cikin gida sai da dalili, ita kuma ba ta zuwa shago. Duk wannan sani sai ya taƙaice a bakin maigida ko ɗan aike zuwa kalma uku: ya daina aiki.

Waya ta sauƙaƙa wannan. Bidiyon rabin minti na injin yana kukansa, da saƙon murya ta WhatsApp mai faɗin wane baki ne, da kaya ko babu kaya, wutar gari ce ko janareta, sun fi duk wata kwance-kwance amfani. Sau da yawa ma za su hana a ɗaga injin daga inda yake.

A Tarayyar Turai, tun Maris na 2021 doka ta wajabta wa kamfanoni su ci gaba da samar da kayan gyaran injin wanki har shekara goma, Faransa kuma a Janairun shekarar ta fara sa a liƙa wa inji maki bisa goma na sauƙin gyaransa. Mu muna da dokar kare masu saye ta 2018, amma ba ta ita ake yi a ƙofar shagon mai firji ba. Abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa. Garin da ke da jami'a mai tsangayar injiniya, ga kwalejin fasaha ta gwamnati, bai kamata a ce masu gyaransa na aiki ba mita ba. Horon 'yan makonni kan karanta mita da bin alamu ba zai gagari waɗannan makarantu ba in sun so.

Kai kuma maigida, in an gano maka cewa tsakuwa ce, ka biya kuɗin ganowar da daɗin rai, domin an cece ka daga sayen moto. In kuwa an ce maka wani abu ya mutu, ka ce a ɗora masa mita a gabanka, sannan a ba ka tsohon ka tafi da shi gida.